Hannun da Basharu Ya Ɗaure da Haƙori

A garin Gwandu, wajen shekarar 1996, an yi wani saurayi mahauci mai suna Basharu. Allah ya ba shi ƙarfi da tsawon hannu, ga zuciya, har ya zama ɗan damben da unguwarsu ke taƙama da shi. Aibinsa guda ne: ba ya son a ce wani ya taimake shi. In aka yabe shi aka haɗa da sunan wani, sai ya ɓata rai kamar an zage shi.

Kawunsa Bawa, tsohon ɗan dambe, shi ya koya masa, kuma shi ke ɗaure masa hannu duk ranar wasa. Ɗaurin nan ba aikin ganganci ba ne. Sai an naɗe dunƙulen hannun da ƙyalle, a bi shi da igiya zagaye bayan zagaye, a ja a tamke, har yatsu su kwanta inda ba za su motsa ba. Dole wani ne zai yi maka. Akwai kuma Albarka makaɗi, wanda in ya saki kalangu da taken Basharu, sai fili ya ruɗe.

Ana nan sai Lawal, mai gidan bidiyo na bakin kasuwa, ya kawo wani sabon kaset daga Sakkwato. Katun ne, wato fim ɗin zane, na faɗa. Jarumin cikinsa a kogo yake zaune shi kaɗai, ba malami, ba makaɗi, ba aboki. Duwatsu yake naushi suna tarwatsewa, in ya fusata wuta ta fito masa daga hannu. Basharu ba ya jin Turancin da suke yi, amma fim ɗin ya shiga ransa. Sai da ya kalle shi sau goma sha ɗaya.

Rannan Lawal ya ga abin ya yi yawa, ya ce masa, "Basharu, wanga hwa ba mutum na ba, zane na. Daga wasan talabijin anka ɗauko shi, wanda aka latsawa da yatsu. Can ɗin ma ba shi ka motsa kainai ba, hannun wani ka motsa shi."

Basharu ya ce, "Kai dai sa muna kaset."

Daga nan ya janye jikinsa. Ya daina zuwa wurin Bawa. In an tashi daga mahauta sai ya nufi bayan gari, ya tasa wata tsohuwar kuka a gaba yana naushi. In ya gaji ya zauna a gindinta, ba mai ba shi ruwa, ba mai ce masa sannu. Wani lokaci iska kan kawo masa kalangun Albarka daga gidan biki, zuciyarsa ta yi ta jan sa can. Kewa ce ke cin sa, amma sai ya gaya wa kansa ai haka jarumai suke rayuwa.

Da kaka ta yi aka sa dambe a Kalgo. Da safe Bawa ya shigo zaurensu riƙe da igiya.

Ya ce, "Ga igiyakka na gyara. Albarka na tasha shina jiranmu."

Basharu ya ce, "Kawu, ku huta. Ni ɗai za ni."

"To wa ka ɗaure ma hannu?"

"Ni da kaina."

Bawa ya ce, "Da wane hannu?"

Basharu ya kawar da kai. Tsohon ya ajiye igiyar kan tabarma, ya ce, "Allah shi kiyaye," ya fita.

A Kalgo, bayan la'asar, fili ya cika. Kowane ɗan dambe yana tsakiyar mutanensa, ana ɗaure shi, ana yi masa kirari. Basharu ya koma gindin wata bishiya, ya sa hannun hagu ya naɗe na dama, yana jan igiyar da haƙori. Wani dattijo da ke wucewa ya tsaya ya ce, "Samari, kawo in ja ma." Basharu ya ce ya gode, ya gama. A ido ɗaurin ya yi kyau, amma a ciki sako-sako yake.

Ya shiga fili ba kiɗa. Ya ji ana tambaya, "Wanga ɗan wa na?" ba wanda ya amsa. Aka haɗa shi da Ɗahiru, zakaran Kalgo. Tun a turmin farko Basharu ya tattara ƙarfinsa kaf ya kai naushi irin na jarumin kaset. Ɗahiru ya tare da gwiwar hannu. Igiyar ta zame, yatsun suka lanƙwashe, Basharu ya ji ƙas har cikin kansa. Ya durƙusa, kuma a dambe wanda ya taɓa ƙasa ya faɗi ke nan.

Mutanen Ɗahiru suka ɗaga nasu sama suna ihu. Shi kuwa Basharu yana durƙushe yana jiran a zo a kama shi, kamar yadda Bawa ya saba. Ba wanda ya zo. Da kansa ya ja jiki ya fita, ya kwance igiyar da haƙorin da ya ɗaure ta, hawaye na zuba.

Da ya koma Gwandu kunya ta sa ya kulle kansa a ɗaki, ya ce zazzaɓi ne. Sai da hannun ya yi mako yana kumbura aka kai shi wurin maɗori, kuma lokaci ya riga ya wuce. Yatsu uku suka warke a karkace. Hannun ba ya dunƙulewa, ba ya riƙe wuƙar fawa.

Bawa ya zo duba shi. Ya kama hannun, ya juya shi a hankali kamar yadda yakan yi kafin ɗauri, ya ce, "Shekara tara ina ɗaurin hannun ga, ko targaɗe bai taɓa yi ba." Ya naɗe igiyarsa ya tafi da ita.

Yanzu Basharu a gefen mahauta yake zama, yana korar ƙuda daga naman wasu. In ya bi ta gidan Lawal yakan jiyo jarumin nan yana ta fasa duwatsunsa, ko ƙwarzane bai yi ba. Shi kuwa ko tazugen wandonsa sai da ƙyar yake ɗaurewa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kada girman kai ya sa ka raina waɗanda suke riƙe da kai. Abin da ka gani a allo zane ne, ba ya jin ciwo, ba ya jin kewa, kai kuwa jini da ƙashi ne. Duk ƙarfinka, akwai abin da ba ka iya yi wa kanka. In Allah ya ba ka mai ɗaure maka hannu, ka riƙe shi da daraja tun hannun yana da lafiya.