Mutumin da Ya Buga Katin Suna Kafin Haihuwa

An yi wani mutum a nan Azare, ɗan kasuwar hatsi. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma wanda ya gane shi ya riƙe bakinsa. Shi da kansa ya ba ni izinin ba da labarin nan, ya ce ko mutum ɗaya ya tsira da shi ya isa.

Mutumin nan ba mashayi ba ne, ba mazinaci ba ne. A sahun farko yake sallah. Aibinsa guda ne, idan ya tsara abu to ya tsaru ke nan. Motar masararsa ba ta makara, yaran shagonsa ba sa musu da shi. Har ya saba da cewa duk ranar da ya sa, ranar ce.

Yana da mata ɗaya, Saliha, 'yar garin Chinade. Haihuwarta ta farko da ƙyar ta sha, sai da aka yi mata aiki aka ciro 'ya mace, Hadiza. Shekara uku bayan nan ta sake samun ciki. Da aka yi hoton cikin aka ce namiji ne. Tun daga ranar bakin mutumin nan bai rufu ba. Ya riga ya zaɓi suna, Adam, sunan mahaifinsa marigayi.

A shekarar ce kuma Allah ya ba shi kujerar Makka. Sai lissafi ya ƙi haɗuwa. Asibiti sun ba Saliha ranar da za a sake yi mata aiki, sun ce saboda ɗinkin farko kada ta yarda ta yi naƙuda a gida. Shi kuma an kira su sansanin alhazai a Bauchi wata Litinin, kwana goma kafin wannan rana. Ma'ana za a haifi Adam, a yanka rago, a raɗa suna, uban yana can.

Ya 'yan uwa, mene ne a ciki? Mutum nawa aka yi wa haihuwa alhali suna Makka? Ƙaninsa ba zai iya yanka rago ba? Liman ba zai iya raɗa suna ba? Wani da ya samu labarin haihuwa a gaban Ka'aba ai kuka zai yi don murna. Amma shi ba haka yake so ba. So yake ya haɗa suna da walimar tafiya rana guda, ya tsaya da babbar riga a ƙofar gida, mutane su ce wane ya samu magaji, ga shi kuma zai tafi ɗakin Allah.

Ya je wurin likita ya ce a matso da ranar. Likita ya ce a'a, huhun yaron bai gama ƙwari ba, kuma uwar lafiyarta ƙalau, babu dalilin gaggawa. Ya sake komawa da wani mai faɗa a ji. Likita ya sake cewa a'a.

Kun san abin da ya yi da ya fito? Wurin masu buga takardu ya nufa. Ya sa aka buga masa kati ɗari uku, mai ruwan zinare a gefe. Aka rubuta walimar tafiya aikin Hajji da sunan ɗansa Adam, ranar Asabar kaza ga wata. Yaro yana cikin uwarsa, bai shaƙi iskar duniya ba, an riga an rubuta ranar sunansa. Ya raba katin a kasuwa, ya ba direbobi suka kai wa abokan cinikinsa a Shira da Hardawa.

To idan za a yi suna Asabar, dole a haihu Asabar ɗin da ta gabace ta. Ya ɗaure kansa da hannunsa.

Akwai wani mai kyamis a unguwarsu, Jaji. Ya taɓa yin sharar asibiti na 'yan shekaru, daga nan ya sayi farar riga, mutane suka fara ce masa dakta, shi kuma bai taɓa hana su ba. Mutumin nan ya kai masa kukansa. Jaji ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, ruwan naƙuda zai ɗaura mata, kafin la'asar ta sauka. Bai tambayi watannin cikin ba. Maganar ɗinkin farko kuwa mijin ya sani, ya yi shiru da ita, don ya san idan ya faɗa za a iya fasawa.

Ranar Juma'a ya gaya wa Saliha. Ta ce, "Abban Hadiza, likita fa cewa ya yi kada in yi naƙuda. Ka yi haƙuri ka tafi, ka yi mana addu'a a can. In ka dawo ka tarar da ɗanka ya yi wayo."

Ya ce, "Na riga na raba kati. So kike in zama abin dariya a kasuwa?"

Ta ce, "To bari in kira Inna a Chinade."

Ya karɓe wayar ya sa a aljihu. Ya ce, "Ni ne mijinki. Umarni nake ba ki."

Ku saurare ni da kyau a nan, maza. Biyayyar da Allah ya ɗora wa mace ba igiya ba ce da za ka ja ta zuwa mahallaka. Amana aka ba ka. Wanda ya ɗauki sunan addini ya tsorata matarsa don ya kare katinsa, laifinsa biyu ne, kuma na biyun ya fi muni.

Asabar da hantsi Jaji ya zo da jakarsa. Ya buga ƙusa a bango ya rataya ledar ruwa. Saliha ta miƙa hannu tana hawaye. Aka yi azahar shiru. Mutumin nan yana zagaye tsakar gida yana duba agogo kamar mai jiran mota. Ya ce wa Jaji abin ba ya sauri. Jaji ya ƙara gudun ruwan.

Daga nan ciwo ya zo mata, ba irin na naƙuda mai zuwa yana lafawa ba. Wannan ya kama bai saki ba. Ta yi ƙara ɗaya mai tsawo, sannan ta yi shiru. Jaji ya ga leɓenta ya yi fari, zufa ta jiƙa ta. Ya ce bari ya je ya ɗauko wata allura a shago. Har yau bai dawo ba.

Katanga ɗaya ce tsakaninsu da wata mata, Ukamaka, mai sayar da kwanuka da robobi. Shekararta ashirin a garin nan, Hausa a bakinta kamar a nan aka yanke mata cibiya. Ita ta ji ƙarar, ta shigo ko sallama babu. Mutumin nan ya tare ƙofar ɗaki ya ce ba komai, naƙuda ce. Har a wannan lokacin tunaninsa kada a ji a waje.

Ta ce, "Malam, na haifi biyar, na san kukan naƙuda. Ka matsa ko in tara maka unguwa."

Ya matsa. Ta cire ruwan, ta tsayar da keke napep, ta rungumi Saliha har asibiti. Da aka nemi jini ita ta fara miƙa hannu. Ya 'yan uwa, wannan mata ba ta bin sahu tare da mu. Amma a ranar nan ta fi mai sahun farko tsoron Allah. Na faɗa, kuma ba zan janye ba.

Likitoci suka buɗe, suka tarar tsohon ɗinkin ya yage, mahaifa ta fashe. Don su ceci ranta dole suka cire mahaifar gaba ɗaya. Saliha shekararta ashirin da shida. Ba za ta sake haihuwa ba.

Yaron kuwa an ciro shi da rai. Ya yi kuka sau ɗaya, ɗan siriri. Bai cika awa ɗaya ba Allah ya karɓi abinsa.

Ni aka kira, a matsayina na liman. Na ce tunda ya yi kuka, za a sa masa suna, a yi masa wanka, a yi masa sallah. Na tambayi uban wane suna. A barandar asibiti muke, daga ni sai shi sai wata ma'aikaciya riƙe da zani. Ya ce, "Adam." Sunan da ya so ya faɗa a gaban mutum ɗari uku, mu biyu muka ji shi. Kafin magariba mun rufe shi. A hannu ɗaya na ɗauke shi zuwa maƙabarta, kuma wallahi ban taɓa ɗaukar abu mai nauyinsa ba.

Kuna tsammanin an gama? Akwai kati.

Mutanen gari sun ji abin da ya faru. Na nesa ba su ji ba. Da Asabar ta zagayo sai ga su suna sauka daga babura da motoci, daga Shira, daga Hardawa, wani da kaza, wani da turmin atamfa, wani da kayan jarirai a leda. Kowa ya iso sai ya washe baki ya ce, "Barka, barka. Ina angon ƙarni? Allah ya raya Adam." Ragon da ya saya yana ɗaure a gindin dalbejiya yana cin dusa. Mutumin nan ya tsaya a ƙofar gidan da ya yi burin tsayawa, tun safe har azahar, yana gaya wa mutum bayan mutum cewa yaron ya koma. Kowa kuma sai ya tambaya, garin yaya?

Litinin da alhazai suka kama hanyar Bauchi, shi yana ofishin 'yan sanda yana amsa tambayoyi, domin asibiti sun kai rahoto, kuma daidai suka yi. Jirgi ya tashi babu shi.

Da aka sallami Saliha, mahaifinta ya wuce da ita Chinade, da 'yarta Hadiza. Mutumin nan ya yi aike, ya tura dattawa, har ni na raka shi sau ɗaya. Ta fito ta zauna a bakin ƙofa, ta rame. Ta ce, "Malam, ka shaida. Abin da ya yi wa jikina na yafe masa saboda Allah. Gidansa kuwa ba zan koma ba. Haƙƙin Adam ba nawa ba ne balle in yafe. Ya jira su haɗu a gaban Allah."

Yau shagon hatsin wani ne a ciki. Mutumin nan yana nan da rai, kuna wuce shi a hanya. Har yanzu a sahun farko yake sallah, amma da an yi sallama yake fita, don kada wani ya gayyace shi suna.

Ya 'yan uwa, ku fahimce ni. Ban ce maganin naƙuda haramun ba ne. Idan ciki ya wuce lokaci, ko likita ya ga hatsari, a asibiti ake sa shi, da awo, da masu tsaye a kai, kuma rahama ce. Abin da nake yaƙa shi ne a ɗaura wa mace ruwa a ɗaki saboda miji zai yi tafiya. Ko a dafa mata saiwa a ɗura mata saboda ana so ta sauka kafin Sallah. Ko a ɓoye wa mai magani cewa an taɓa yi mata aiki. Iyaye mata, da ku nake. Masu kyamis, ku ma da ku nake. Allah ne ya san abin da mahaifa ta ɗauka da ranar da za ta ajiye shi. Kai wane ne da za ka buga ranar a takarda?

Ga katin nan a aljihuna, shi ya ba ni. Ku dube shi. Na yi wa Allah alkawari duk sunan da aka kira ni, duk ɗaurin auren da na halarta, sai na fito da shi, ko an gaji da ji. Na yi wa jariri ɗaya sallah saboda gaggawar ubansa, kuma iya ƙarfina ba zan yi shiru har a kawo mini na biyu ba.

Allah ya sauki matanmu lafiya a lokacin da ya ƙaddara. Allah ya ba Saliha haƙuri, ya saka wa maƙwabciyarta da alheri, ya karɓi tuban mutumin nan. Allah ya kiyaye mu daga son a gani, ya kiyaye iyalanmu daga hannayenmu. Amin.