Bikin da Aka Biya da Katin Bashi

Akwai wani mutum a unguwarmu a nan Changwon, Koriya ta Kudu, sunansa Yeom Sang-cheol. Shekara ashirin ya yi yana walda a wani kamfanin haɗa injuna. Da aka rage ma'aikata, ya ɗauki kuɗin sallamarsa, ya ƙara da rancen banki, ya buɗe shagon soyayyen kaji. A layin kaɗai shagunan kaji huɗu ne. Nasa ya yi shekara biyu da wata biyar ya rufe.

Ya fita da bashin miliyan casa'in da biyu na won, kuɗin ƙasarmu, a wuyansa.

Ya koma aiki a wani ƙaramin kamfanin kayan gyaran mota, albashin bai kai miliyan uku ba. Matarsa Ok Mi-ran tana aiki a gidan kula da tsofaffi, 'yarsu Ye-rim tana ajin ƙarshe na sakandare. Katinan bashi huɗu gare shi. Kowane wata sai ya ciro kuɗi daga wannan ya biya wancan, kuɗin ruwa kuma yana ta hawa.

Cikin danginsa babu wanda ya sani. Shi ne babban ɗa. Mahaifiyarsa da ke ƙauye a Miryang da ƙanwarsa Sang-hui da ke Busan, abin da ya faɗa musu shi ne ya sayar da shagon da riba.

Mi-ran ce ta matsa masa har ya je wurin wata lauya mai suna Pyo a watan Fabrairu. Lauyar ta duba takardunsa ta ce akwai hanya. Kotu tana da shirin sassauta wa masu albashi bashi: zai riƙa biyan kamar dubu ɗari tara duk wata har shekara uku, sauran a yafe masa.

"Amma ka saurare ni da kyau," in ji ta. "Daga yau kada ka sake taɓa kati. Ko ruwan sha kada ka saya da shi. Ka haɗo takardun da na rubuta maka ka dawo."

Ya ce to. Ya fito yana jin kamar an sauke masa buhu daga kai.

Ranar Lahadi ya je hawan dutse da tsohon maigidansa na wurin walda, Bang Tae-sik. Da suka sauko suka zauna cin taliya a gindin dutsen, ya ba shi labari.

Tae-sik ya ajiye sandunan cin abinci. "Tsaya, Shugaban Kaji. Nawa ya rage a katinan da ba ka ci ba?"

"Kamar miliyan ashirin da ɗaya, Yaya."

"Shi ne za ka bar musu? Kai, shi ya sa shagonka ya mutu. Kotun da za ta goge casa'in, ɗari da goma ne zai gagare ta? Alƙalami ɗaya ne, layi ɗaya. Cinye abin da ke katinan nan tas kafin ka shigar da takarda. Kowa haka yake yi."

"Lauyar ta ce kada in taɓa."

"Lauya ai dole ta faɗi haka. Bankunan nan shekara nawa suna shan jininka? Ka ɗan sha nasu kai ma."

Sang-cheol ya yi dariya kawai. Amma maganar ta bi shi har gida, don a watan Afrilu mahaifiyarsa za ta cika shekara saba'in, kuma ya daɗe yana tunanin da wace fuska zai tari ranar.

Ya kama zaure a otal na mutum sittin. Ya ɗauko mai gabatarwa da mawaƙiya. Ya ɗinka wa tsohuwar sabon hanbok, kayanmu na gargajiya, ya sayi zoben zinariya, ya sa aka kai mata kujerar tausa har ƙauye. Ya kuma sayi tikitin jirgin sama zuwa tsibirin Jeju, ita da ƙawayenta biyu.

Sang-hui ta kira shi. "Yaya, turo lambar asusunka in sa rabi."

"Ke, ina raye? Riƙe kuɗinki ki saya wa yaranki takalma."

Da Mi-ran ta ga saƙonnin banki suna shigowa wayarsa ɗaya bayan ɗaya, ta tare shi a kicin.

"Baban Ye-rim, me kake yi haka? Matar nan ta ce kada ka taɓa."

"Duk za a goge. Ke ba ki san yadda abin yake ba."

"To mu dafa mata miyar ganyen teku ta ranar haihuwa a gida, mu kira 'yan'uwa. Mama ba ta roƙi otal ba."

"In tara ƙanwata da mijinta a wannan ɗan falon? Su ce me? Sau ɗaya mutum ke cika saba'in."

Ta juya ta ci gaba da wanke kwanoni.

Biki ya yi kyau, wannan kam babu musu. Sang-cheol ya goya mahaifiyarsa a baya ya zaga zauren ana tafi, tsohuwa tana kuka tana dukan kafaɗarsa wai ya sauke ta. Kawunnai suka yi ta cewa ga ɗa na ƙwarai.

A farkon Yuni ya koma ofishin lauya da takardunsa. Aka buga bayanin katinansa na shekara guda, don kotu sai ta gani. Lauya Pyo ta ɗauki alƙalami mai ruwan ɗorawa ta fara ja. Shafin farko babu komai. Da ta iso Maris da Afrilu, shafin gaba ɗaya ya koma ruwan ɗorawa.

"Malam Yeom, ranar sha huɗu ga Fabrairu ka zauna a kujerar nan. Ranar ashirin da uku ga Maris ka biya otal miliyan shida."

"Bikin mahaifiyata ne."

"Na gani. Ga zobe, ga kujerar tausa, ga jirgi. Ga kuma kuɗi tsaba da ka ciro, miliyan uku." Ta cire tabarau. "Ka san yadda mai duba takardun nan zai karanta su? Ga mutumin da ya san ba zai iya biya ba, ya ci miliyan ashirin da ɗaya a wata biyu, ya zo a yafe masa."

"Ai an ce duk ɗaya ne, tare ake gogewa."

"Wa ya ce?"

Ta mayar da tabaraunta ta ci gaba.

"Bashin da ka ci kana ƙoƙarin rayuwa daban, wanda ka ci kana hanyar kotu daban. Zan shigar, amma ban yi maka alkawarin komai ba."

Abu na farko da aka roƙi kotu shi ne ta dakatar da masu bin bashi har a gama shari'a. Mutane da yawa suna samun wannan cikin kwanaki. Nasa aka ƙi.

Daga nan wayarsa ba ta sake hutawa ba. Yana kan inji tana rawa a aljihu, yana cin abincin rana tana rawa a kan tebur. Takardu masu jan rubutu suka cika akwatin wasiƙunsu, har Mi-ran ta riƙa saurin saukowa kafin maƙwabta su gani. A watan Agusta mai lissafin kamfani ta kira shi ofis, ta rufe ƙofa, ta ce takarda ta iso: za a riƙa tare wani ɓangare na albashinsa. Kafin sati ya fita har mai gadin ƙofa ya sani.

Ye-rim ta daina zuwa makarantar ƙarin darasi, saura wata uku babbar jarrabawar shiga jami'a. Ta riƙa tafiya ɗakin karatu na gwamnati da ɗan abincinta a jaka.

Ba zai iya janye ƙarar ba, don bashin ya riga ya fi ƙarfinsa. Ba zai iya cin sabon bashi ba, an rufe katinan duka. Ba zai iya barin aikin ba, don ba a shiga shirin sai da albashi.

Sai ga wata takarda daga kotu. Ana so ya yi bayanin kowane babban abu da ya saya a watannin nan, da rasit. Zoben da kujerar kuma, a faɗi inda suke, a kawo hoto, a kawo takardar shaida da hatimin wanda ke riƙe da su.

Ya fito bayan kamfani ya kira Tae-sik.

"Yaya, kai da ka yi naka, yaya ka amsa musu wannan?"

"Nawa? Ni ai ban taɓa yi ba."

"Ka ce kowa haka yake yi."

"A gidan wankan jama'a na ji wani yana faɗa. Haba Shugaba, kai yaro ne? Na riƙe hannunka na goga katin? Bari, ina tuƙi, zan kira ka."

Bai kira ba.

Ranar Asabar Sang-cheol ya hau motar Miryang da takardar a aljihu. Ya tarar da Sang-hui ta zo, ita da tsohuwar suna shanya barkono a tsakar gida. Kujerar tausa tana falo, an lulluɓe ta da zane don kada ƙura ta taɓa ta.

Ya durƙusa a gaban mahaifiyarsa ya faɗi komai. Shagon, miliyan casa'in da biyu, katinan, kotu.

Sang-hui ce ta fara magana. "Na ce in sa rabi! Da bakina na ce in sa rabi, ka ce in sayi takalma!"

"Ki yi haƙuri."

"Haƙurin me? Mijina har yanzu gori yake mini wai yayana ya fi ni zuciya!"

Tsohuwa ba ta ɗaga murya ba. Ta goge hannunta a jikin zane ta ce, "Wato naman da na ci ranar nan, na bashi ne."

"Mama..."

"Ina ta yi wa matan ƙauyen nan alfahari. Na kira su ɗaya bayan ɗaya su zo su hau kujera." Ta dube shi. "Tun yaushe kake cikin wannan halin?"

"Shekara uku."

"Shekara uku kana zuwa gidan nan kana ce mini lafiya lau. Wannan ya fi mini ciwo."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko hatiminta. Ta buga inda ya nuna mata. Sannan ta shafa sabulu a yatsa, ta zare zoben, ta ɗora a kan takardar.

An sayar da zoben. Kujerar ko kashi ɗaya cikin uku na kuɗinta ba ta yi ba. Abincin mutum sittin da jirgin Jeju kuwa babu inda za a mayar da su.

Sai a watan Janairu kotu ta amince da shirinsa, bayan an mayar da takardunsa gyara sau uku. Ba a kori ƙarar ba, lauya ta ce wannan ma sa'a ce. Amma kuɗin da ya kashe a watannin nan an lissafa su a kansa, sai ya biya. Shekara uku ta koma biyar.

Wata na biyu da fara biya, ya ga dubu ɗari biyu sun shigo asusun Mi-ran daga Miryang. Ya kira ƙanwarsa.

"Mama ta fara zuwa aikin tsinkar ganye a rumfar noman maƙwabcinta," in ji Sang-hui. "Tun safe har la'asar, a tsugune. Na yi magana na gaji."

Ya kira tsohuwar ya roƙe ta ta daina, ya ce gwiwoyinta ba za su ɗauka ba.

"Ka ci abinci?" ta tambaye shi.

"Mama, maganar aikin nake yi."

"Na ji. Ka ci abinci dai?"

Har yau kuɗin suna shigowa ranar biyar ga kowane wata. Shi kuma saura masa wata arba'in da ɗaya.

Darasi: In bashi ya kai ka ga neman sassauci, ka ajiye katin tun daga ranar, don watannin ƙarshe su ake fara dubawa, kuma dabarar cinye abin da ya rage kanka take komawa. Ka bi maganar wanda ya san aikin, ka rabu da shawarar wurin hira. Mafi girma kuma, ka faɗa wa naka gaskiyar halin da kake ciki da wuri. Kunyar rana ɗaya ta fi sauƙi a kan nauyin da za su ɗauka tare da kai shekara da shekaru. Ku tura wa duk wanda kuka san yana biyan kati da kati, ƙila ta tsayar da hannunsa kafin ya goga na gaba.