Tayar da Injiniya Ya So Ya Ture

Akwai wani tela a bayan layinmu da kowa ke kira Injiniya. Ba wata makarantar injiniya da ya taɓa leƙawa, jama'a. Sunan ya samo shi ne daga wata tsohuwar motar tsere ja, mai ƙofa biyu, da ya saya a hannun wani dattijo. Motar ta girmi auren Injiniya, ta girmi kekensa na ɗinki, kuma gajeriya ce har cikinta kamar zai shafi ƙasa.

Shi da kansa yake mata komai. Shi ke juye mata mai, shi ya sauya mata fitilu, shi ya ɗinka wa kujerunta sabuwar riga. Idan yana aiki a kanta, baki ba ya rufuwa. Ya yi waƙa, ya yi mata faɗa, ya lallashe ta kamar jaririya.

Wata Asabar da hantsi ya tashi sauya mata salansa, wato bututun hayaƙi, wai tsohon ba ya ƙara yadda ransa ke so. Ya ɗaga bayan motar da ɗan ƙaramin jak ɗin da ya zo da ita, ya cire tayar baya don ya samu wurin shiga, ya jingina ta da bango. Tayar nan mai faɗi ce, kuma kwana biyu ya yi yana goge rim ɗinta, wato ƙarfen tsakiyarta, har mutum na iya duba fuskarsa a ciki.

Yana shimfiɗa kwali a ƙasa sai ga yayan matarsa ya shigo. Shi mai faci ne, shekara ashirin da wani abu yana aikin taya a bakin titi. Mutum ne marar yawan magana.

Bayan sun gaisa, Mai Faci ya tsaya ya ƙura wa jak ɗin ido. Ya dubi simintin tsakar gidan da ya ɗan gangara wajen magudanar ruwa.

"Injiniya, a haka za ka shiga ƙarƙashinta?"

"A haka nake shiga kullum, Yaya."

"To kwantar da tayar nan da ka cire, ka tura ta ƙarƙashin motar. Ko da jak ya goce, a kanta za ta sauka."

Injiniya ya yi dariya har da dafa gwiwa. "Wannan rim ɗin? In kwantar da shi a ƙasa ƙarfe ya kankare min shi? Haba Yaya! Wannan fa ba irin akwalar da kuke wa faci ba ce. Kai dai ka tsaya a iska da gam, ka bar mana harkar inji."

Matarsa tana ƙofar kicin, ta ji. Ta ce, "Baban yara, Yaya ne fa."

"Ai wasa muke," in ji shi, ya kwanta a kan kwalin ya zura kansa ciki.

Injiniya ya ji takun Mai Faci nan da can, ya ji wani abu ya ɗan gurza ƙasa, daga baya ya ji tashin babur ɗinsa a waje. A ransa ya ce, "Ya yi fushi ke nan. Zai huce."

Ya kama aiki yana waƙa. Noti biyu suka fita lafiya lau. Na ukun ya yi tsatsa, ya ce bai san zance ba. Ya fesa masa mai, ya ƙwanƙwasa shi, ya zage shi, ko motsi. Ya juya kai don neman babban sifana, sai idonsa ya faɗa kan wani abu baƙi kusa da ƙugunsa.

Tayar ce, kwance a ƙarƙashin motar. An kuma shimfiɗa wata rigar sama mai ruwan toka a kan rim ɗin.

Ran Injiniya ya ɓaci. "Wato sai da ya saka ta! A gidana!"

Ya sa gwiwa ya fara ture ta waje. Ta matsa kaɗan. Ya sake turawa, ta ƙara matsawa, har rabinta ya leƙa waje. Da ya ga ta yi masa nauyi daga kwance, sai ya ce bari ya gama da notin nan tukuna ya fito ya janye ta gaba ɗaya. Ya saƙala sifana, ya riƙe da hannu biyu, ya tattara duk haushinsa ya finciko.

Notin ya saki. Motar ta yi wani ɗan lilo.

Ya ji jak ya yi ƙara, ƙiiit.

Kafin ya ce wani abu, duniya ta rufto masa.

Da hankalinsa ya dawo, ƙarfe ne a kan ƙirjinsa. Fuskarsa a karkace, kuncinsa manne da kwali, ƙurar tsatsa cike da bakinsa. Ya ja numfashi, ya tsaya a rabi. Ya sake ja, haƙarƙarinsa ya soke shi kamar an caka allurar keke.

Da gefen ido ya hango abin da ya hana motar ƙarasa shi. Gefenta ya sauka a kan bakin tayar nan, a ɗan ragowar da bai kai ga turewa ba. Bai fi faɗin tafin hannu ba. Kuma robar tana lotsawa a hankali, tana neman zamewa waje.

Ya buɗe baki ya kira matarsa. Iska ce kawai ta fito.

Sifana na hannunsa har yanzu. Ya buga shi a jikin ƙarfe, ƙwan, ƙwan. Amma wa zai kula? Tun safe yake buge-buge. Daga kicin yana jin ƙarar injin markaɗe, yana jin rediyo. Ya tuna yaransa da suka tafi gidan kakarsu, ya tuna su ne za su fara shigowa da yamma su tarar da ƙafafunsa a waje. Ya fara salati a zuci.

Tayar ta ƙara zamewa. Ƙarfen ya ƙara zama a ƙirjinsa.

Injin markaɗe ya tsaya. Shiru. Sai ya ji muryar matarsa daga nesa.

"Baban yara? Yau ba waƙa?"

Ya buga sifana da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

Takunta ya taho a hankali, sai kuma ya koma gudu. Ta fasa ihu, ta durƙusa ta kama ƙafafunsa za ta ja.

"Kar... ki ja," ya faɗa da ƙyar.

"To me zan yi? Bari in cire tayar nan ka samu hanya!"

Ya ga hannunta ya kama robar. Jama'a, a nan ne Injiniya ya ga mutuwa ido da ido. Ba shi da muryar hana ta. Ya ɗaga sifana ya maka mata a yatsu.

Ta saki tana yarfe hannu. Daidai nan babur ya tsaya a ƙofar gida.

"Kar ki taɓa komai!" Muryar Mai Faci ce, kuma Injiniya bai taɓa jin ta da ƙarfi haka ba. "Zauna a ƙasa, ki tokare tayar da ƙafafunki biyu. Tura ciki. Kar ki saki ko me kika ji."

Ashe ba fushi ya yi ya tafi ba. Rumfarsa ya koma ya ɗauko babban jak ɗinsa da ƙafafun ƙarfe biyu da yake tokare mota da su.

Ya sa dutse gaba da bayan tayar gaba. Ya nemi wurin da zai zura jak, motar ta yi ƙasa da yawa, bai shiga ba. Ya zagaya ta baya, ya kwanta rub da ciki, ya lallaɓa shi ya shige.

"Injiniya, kana ji na? Buga sau ɗaya."

Ƙwan.

"Madalla. Zan ɗaga a hankali. Kar ka motsa sai na ce."

Mai Faci ya danna hannun jak sau ɗaya. Sau biyu. Motar ta yi kuka, tayar ta yi tsalle a ƙafar matar, ta ƙanƙame ta tana hawaye. Sau biyar, sau shida, sai iska ta shiga ƙirjin Injiniya kamar an buɗe taga. Duk da haka Mai Faci bai bari ya fito ba sai da ya kafa ƙafafun ƙarfen nan biyu, ya girgiza motar ya ga ta zauna. Sannan suka ja kwalin da shi a kai.

A asibiti aka ce haƙarƙari biyu sun tsage. Likita ya ce da motar ta ƙara sauka kamar yatsa biyu, da ba wannan maganar ake ba.

Bayan mako guda Mai Faci ya zo duba shi. Ya tarar da shi a tsakar gida a kan kujera, ga rim ɗin nan a gefe, ya lotse, ya yi wani dogon tabo. Injiniya ya kasa haɗa ido da shi.

"Yaya, maganar da na faɗa maka ran nan..."

"Wacce? Ta iska da gam?"

"Ka yafe min. Rigarka ka cire ka rufa wa rim ɗina don kar ya kankare, ni kuma ina ture ta da gwiwa."

Mai Faci ya zaro rigar daga leda ya ɗora masa a cinya. Ta yage tun daga kafaɗa har aljihu.

"Na yafe. Amma wannan aikinka ne. Ka tsaya a zare da allura, ka bar mana harkar jak."

Matar ta tuntsire da dariya, yatsunta biyu a naɗe da bandeji. Injiniya ma ya fara dariya, haƙarƙari ya soke shi, ya dafe ƙirji yana cewa, "Wayyo, Yaya, ku bari sai na warke."

Darasi: Kada ka raina shawarar mutum don kana ganin sana'arsa ƙarama ce, domin abin da ya gani a shekara ashirin kai ba ka gan shi ba. Kuma in an raina ka, kada haushi ya hana ka yin alherin da ka yi niyya. Masu son gyaran mota da kanku, kada wanda ya sake shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai. Ku tura wa duk wani Injiniyan da kuka sani, tun haƙarƙarinsa na cike.