Mahaucin da Ya Fi Likita Sanin Hanta

A Unguwar Rogo akwai wani mahauci, Ladan, shekara talatin yana fawa. Mutumin kirki ne, amma fa akwai kafiya! In ya ce a'a, ko Sakkwato kaf za ta taru a kansa ba ya sakewa.

'Yarsa Shamsiyya, mai shekara tara, idanunta suka yi rawaya, cikinta ya soma kumbura. A asibiti aka ɗebi jini, aka yi hoto, ba a gano tushen ciwon ba. Likita ya ce sai an sa siririyar allura an tsakuro ɗan sili daga hantarta an duba, sannan a san maganin da ya dace.

Ladan ya miƙe zumbur. "Mi kac ce, likita? Ni da nika kama hanta kullum! Jakar jini ce, ka huda ta sai tsiyaya. Babu mai taɓa min ɗiya!"

Likita ya ce, "Akwai ɗan haɗari, Malam Ladan, amma na jinkiri ya fi shi."

Ina! Ya saɓi 'yarsa ya fice. A gida ya kama ɗura mata jiƙon saiwar rawaya, wai ciwon shawara ne kawai.

Matarsa Atika ta tare shi. "Baban Shamsiyya, ba kai ka cewa ba a sanin lahiyar hanta sai an tsaga an gani ba?"

"Wancan zancen saniya ne! Magana ta ƙare."

Wata huɗu yarinya tana tsotsewa. Wata safiya, Ladan yana kwata, Atika ta goya ta zuwa asibiti, ta sa hannu a takardar amincewa da kanta. "In zai sake ni, shi sake ni," in ji ta. Aka yi allurar, jinin da ya fito bai jiƙa auduga ba.

Da sakamako ya zo, likita ya ce ciwo ne da magani kan tsayar in an kama shi da wuri, amma hantar ta riga ta taurare. Shamsiyya ba ta ga babbar salla ba.

Har yau Ladan yana fawa, amma ba ya taɓa hanta. Wanda ya zo nema, sai ya nuna masa teburin maƙwabcinsa, kansa a sunkuye.

Jama'a, sanin sana'arka ba shi ne sanin komai ba. In masana suka nemi a bincika ciwon ɗanka, ka yi tambaya har ka gamsu, amma kada girman kai ya sa hannu a madadinka. Kai ne mai kafiyar, yaron ne zai ɗauki wahalar.