Kwanon da Safara'u Ta Rufe

Akwai wata yarinya mai suna Safara'u, 'yar shekara goma sha ɗaya, da aka sa a aji huɗu saboda shekarunta, a wata firamare kan hanyar Kafanchan zuwa Zangon Kataf. Ita ce mace ta farko da aka sa a boko daga rugar mahaifinta, Malam Jibir.

Ranar Litinin ɗin da ta fara zuwa, da ƙarfe goma na safe, aka kaɗa ƙararrawar cin abinci. Mama Zipora, mai dafa wa makarantar abinci, ta zuba mata shinkafa da wake. Safara'u ta karɓa da hannu biyu, ta rufe kwanon, ta sunkuyar da kai. Kowa na ci, malamai na tsaye suna kallo, ita ko loma ɗaya ba ta kai baki ba.

Haka aka yi Talata, haka aka yi Laraba.

"Ƙyamarmu take yi," in ji Rachael, wadda suke benci ɗaya. "Wai ba ta cin girkin Kirista."

Maganar ta kai kunnen Mama Zipora, ta kuwa yi mata zafi.

"Shekara goma sha biyu ina shan nonon da uwarta ke kawowa talla," ta ce. "Na taɓa tambaya wane hannu ya tatsa? Sai nawa hannun ne mai datti?"

Ranar Juma'a hedimasta, Malam Gershon, ya ce shi ba a kawo masa rarrabuwa a makaranta. Ya tsayar da Safara'u a gaban aji, ya miƙa mata cokali.

"Ci. Yanzu, a gabana."

Hawaye ya zubo mata, amma ba ta ci ba. Mako ya zagayo, wurinta babu kowa. Malam Jibir ya aiko cewa 'yarsa ta gama boko.

Malamar ajin, Malama Edna, abu ɗaya ya tsaya mata a rai: kullum kwanon yarinyar yana dawowa babu komai a ciki, a wanke tas. Wanda ke ƙyamar abinci ba ya cinye shi.

Ranar Asabar ta hau acaɓa zuwa rugar. Aka shimfiɗa mata tabarma a ɗaki, aka kawo mata fura da nono, sai kowa ya fice aka bar ta ita kaɗai. Ta jira, ta jira, ba wanda ya dawo. Ta leƙa ta kira Inna Zamzam, mahaifiyar yarinyar.

"Inna, laifi na yi ne kuka gudu?"

Inna Zamzam ta yi dariya har da rufe baki.

"Malama, girmama ki muka yi. Mu ba ma tsayawa a kan mai cin abinci. Yaro kuma ba ya tauna a gaban manya, rashin kunya ne. Safara'u sai kun watse take zagayawa bayan aji ta ci. Har cewa ta yi waken matar nan ya fi nawa."

Malama Edna ta roƙi Malam Jibir ya mayar da yarinyar. Ya girgiza kai.

"An tsayar da ita a gaban mutane kamar ta yi sata. Wanda ya yi hakan ya san hanyar nan?"

Kwana uku Malama Edna tana bin hedimasta. Da farko ya ce shi ba ya zuwa daji ba wa wani haƙuri. Ba ta yi musu da shi ba, ta dai tambaye shi: "Sir, yaran rugar nan nawa ne iyayensu ke jira su ga yadda za ta ƙare da wannan?"

Ranar Alhamis ya je, Mama Zipora na biye da shi da kula cike da wake. Ya cire hula a gaban Malam Jibir ya ce, "Na yi hukunci ban tambaya ba. Ka yafe mini."

Mama Zipora ta ajiye kular a gaban Safara'u.

"Ke 'yar nan, kin hana ni barci a banza. Ga shi, ni na juya baya, ci ki ƙoshi!"

Har Malam Jibir sai da ya yi dariya.

Da Safara'u ta dawo, Malama Edna ta zaunar da ajin a da'ira, ta ce kowa ya faɗi wata al'adar gidansu da baƙo zai iya fahimta a karkace. Rachael ce ta fara.

"Mu a gidanmu, in ba ka ci a gaban Mama ba, zaginta ka yi. Shi ya sa na ɗauka..." Ta juya wajen Safara'u. "Yi haƙuri."

Aka kafa zana a gefen aji, aka shimfiɗa tabarma, aka ce duk mai so ya ci a can, babba ba ya shiga. Ranar farko 'yan mata biyu ne. Kafin ƙarshen wata sai da aka ƙaro tabarma.

Safara'u ta zo ta uku a jarrabawar zangon. Da aka dawo hutu, Malam Jibir da kansa ya kawo yara biyar daga rugar, uku mata, aka rubuta sunayensu.

Darasi: Kafin ka yanke wa yaro hukunci a kan abin da ka gani, tambayi abin da hakan ke nufi a gidansu. Abin da ka ɗauka raini ne, wataƙila ladabi ne. Ku tura wa malamai da iyaye, wani yaron na iya tsira da karatunsa saboda tambaya ɗaya.