Tabawa Mai Warwara da Ɗigon Tsufa

Kun ishe ni da taɓa baƙaƙen ɗigogin nan na bayan hannuna. To, ku zauna ku ji dalilin da ya sa suke fito wa tsofaffi.

A da can, fatar mutum ba ta yin ɗigo ko ya shekara ɗari. A cikin jiki akwai ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, inda Jatau masaƙi yake saƙa naman jiki. Maƙwabciyarsa Tabawa kuwa warwara ce aikinta. Duk saƙar da ta tsufa sai ta zura ta cikin wani ɗan zobe, ta warware, ta mayar wa Jatau zarensa. Mace ce mai ji da aikinta, ba ta taɓa barin tsumma ya wuni a ɗakinta ba.

Rannan aka kawo mata wata saƙa da ta ƙandare kamar ƙanzo. Ta ja, ta ja, ta ƙi shiga zobe. Kafin mako irinta sun taru har bakin ƙofa, maƙwabta suka fara cewa Tabawa ta zama raguwa, a karɓe zoben a ba wata. Maganar ta yi mata ciwo ƙwarai.

Ta sami Jatau tana harararsa. "Malam Jatau, wa kake so a ba zobena, da kake ƙulle mini zare?"

"Haba Tabawa! Shekara nawa muna tare? Shinshina ki ji."

Ta shinshina. Ƙauri!

Daga nan ta daina yarda da kowa. Ta laɓe tana leƙen murhun da ake dafa wa jiki abinci. Mai hura wutar kuwa Iska ce, baƙuwar nan da ke shigowa ta hanci kowa na yi mata maraba. Tabawa ta lura duk hurawa sai tartsatsi ya tashi ya faɗa kan saƙa.

"Ashe ke ce, munafuka!" in ji ta. Ta ruga ta datse ƙofar maƙogwaro. Nan take wuta ta fara mutuwa, mai jikin ya yanke jiki ya faɗi.

Jatau ya kwarma ihu, "Buɗe, za ki kashe mu!"

Ta buɗe ƙofar. Iska ta shigo, ko a jikinta.

Ta ce, "Yaya Tabawa, ban iya hura wuta babu tartsatsi ba. Saƙar da ta ɗan babbake ki yi maza ki warware. Wadda ta cure kuwa ta fi ƙarfin zobenki, sai haƙuri."

Tabawa ta ce, "Kuma a ce ni ce raguwa? Wallahi sai na ajiye su inda kowa zai ga aikinki."

Ta kwashe curarrun tsummokin ta cusa ƙarƙashin fata, kuma ba wanda ya sake zancen karɓe zobe.

Shi ya sa har yau in shekaru suka ja, shaidar Tabawa ke fitowa ɗigo-ɗigo. Ku da kuke yi mini dariya, ai numfashi kuke yi. Tana nan tana tara muku naku.