Ranar da Littafin Anti Rubuta Ya Ceci Gidan Rediyo

Akwai wani ƙaramin gidan rediyo da wata mata ke kula da kwamfutocinsa. Kowa Anti Rubuta yake ce mata, domin ko waya ɗaya aka sauya a ɗakin na'urori sai ta buɗe wani littafi mai baƙin bango ta rubuta ranar da abin da aka taɓa. Abokan aiki kan tsokane ta, wai ko atishawa kwamfuta ta yi sai ta shiga littafi.

A lungun ɗakin akwai tsohuwar kwamfuta mai ɗauke da shirye-shiryen shekara talatin. A cikinsu har da muryar mahaifiyar Anti, Allah ya jiƙanta, mace ta farko da ta karanta labarai a gidan. Babu kwafinsu a ko'ina.

Wata Laraba da safe faifan ajiyar kwamfutar ya fara ƙara, ƙas-ƙas-ƙas. Duk wanda ya san aikin ya san faifan da ya fara wannan kukan kwanansa ya kusa ƙarewa. Manaja ya ce a kwashe komai zuwa sabon rumbun ajiya yau-yau, ya danƙa aikin a hannun Injiniya. Shi Injiniya sabon zuwa ne, takardunsa sun fi na kowa, bakinsa ma haka.

Ya fara turawa, ya harɗe hannu yana murmushi. Ana kaiwa kashi goma sha biyu cikin ɗari sai sadarwa ta yanke ɗif, komai ya koma farko.

Ya ce laifin waya ne, aka kawo sabuwa. Sadarwa ta sake yankewa. Ya ce akwatin da ke raba sadarwa ne, aka sauya shi. Nan ma haka, ga faifai sai ƙara kuka yake.

Hankalin Anti ya tashi. Ta matso da littafinta ta ce, "Injiniya, don Allah dakata. Duk turawar da ka sake, kwanan faifan nan kake ragewa. Ruwa ba ya tsami banza, mu duba abin da aka taɓa kwanan nan."

Ko kallonta bai yi ba. "Anti, wannan fa ba aikin biro da takarda ba ne. Ki ɗan ba mu wuri."

Ta ja littafinta ta koma gefe. Wallahi ni da nake ba ku labarin, nan ne raina ya fi ɓaci.

A turawa ta huɗu kwamfutar ta sandare na kusan minti guda kafin ta farfaɗo. Injiniya ya yi tsuru-tsuru, gumi ya jiƙa masa riga. Manaja ya juya ya ce, "Anti, kujera taki ce."

Ba ta taɓa faifan mai ciwo ba. Ta jona wani faifan daban, ta tura ƙananan fayiloli, suka wuce lafiya. Ta tura wani ƙaton fayil marar amfani, nan take sadarwa ta yanke.

Ta ce, "Kun gani? Ƙaramin kaya yana wucewa, sai an yi lodi mai nauyi da gudu take faɗuwa. Ba waya ba ce."

Ta buɗe littafi ta karanta: "Litinin, Injiniya ya sabunta direban katin sadarwa." Ta yi wa Manaja bayani cewa direba wata 'yar manhaja ce da ke koya wa kwamfuta yadda za ta yi aiki da katin.

Injiniya ya ce, "Ai sabon ya fi tsohon!"

"Ya fi, amma a sabuwar kwamfuta. Wannan katin ya girmi takardunka, ƙanena."

Ta jawo wani gwangwanin alewa daga aljihun tebur, cike da filashi, 'yan na'urorin nan na adana fayiloli, kowanne da takarda manne a jiki. Ashe ba a taɓa sabunta wani abu a ɗakin nan ba sai ta adana tsohonsa. Ta cire sabon direban ta mayar da na da. Ta gwada ƙaton fayil ɗin sau biyu, ya wuce sumul. Sai ta yi bismillah ta fara tura na gaske.

Kafin ka ce kwabo ɗakin ya cika, har mai shara ta jingine tsintsiya. Aka wuce goma sha biyu, wani ya yi kabbara. Hamsin. Tamanin. Faifai na kuka, Anti na riƙe da bakin tebur. Da ya cika ɗari ɗakin ya kaure da tafi da sowa, Manaja har da tsalle, babban mutum da shi!

Ba a yi minti goma ba tsohon faifan ya yi shiru, bai sake tashi ba.

Injiniya ya sunkuyar da kai ya ce, "Anti, ki yafe mini. Kuma don Allah, a ina ake sayar da irin littafin nan?" Aka tuntsire da dariya.

Ita kuwa ta shiga sabon rumbun ta danna wani fayil. Wata murya mai sanyi ta cika ɗakin: "Masu sauraro, barkanmu da hantsi, ga labarai." Anti ta share hawaye da gefen mayafinta, ta ɗauki biro ta rubuta: "Laraba, an kwashe komai. Muryar Umma ta tsira."

Darasi: Idan abu ya lalace, fara tambayar me aka taɓa kafin ka ɗora wa wani laifi, kuma kada ka raina mai natsuwa don ba ya cika baki. Tura wannan labarin ga wanda kuke yi wa dariya a wurin aiki saboda tsanakinsa, wata rana shi zai fitar da ku kunya.